Mashin Gora Bai Ceci Japan Ba: Martani Ga Mai Kiran Gayyar Yaƙi A Katsina

Wani marubuci ɗan garinmu, wanda na daɗe ina bibiyar alƙalaminsa, ya fitar da doguwar maƙala kwanan baya yana kira da a yi gayyar yaƙi a jihar Katsina. Abin da yake so shi ne, tunda soja da 'yan sanda sun gaza, kowane gida ya ba da namiji guda, daga ɗan shekara 15 har mai 60, a yi musu horo na 'yan makonni, a miƙa musu abin da ya sawwaƙa, bindigar toka ce, adda ce ko kwari da baka, a rarraba su gari-gari. Har wurin taruwa ya zaɓa wa mutanen birni: Ƙofar Kwaya, wai daga nan sai a miƙe hanyar Dutsin-Ma a nufi daji. Madogararsa kuwa daga Japan ya ɗauko ta. A cewarsa, a 1945 da Amurka ta matso, Japanawa sun tashi kwansu da kwarkwatarsu, maza da mata, suka kafa rundunonin kare gida, kuma tsoron wannan gayya ne ya hana Amurka taka ƙasarsu.

Ni a Ƙofar Kwaya nake zaune. Samarin da Malam marubucin yake son a jera ɗin na san su: masu tuƙa keke mai ƙafa uku, masu gyaran waya, masu shayi, da 'yan sakandaren da ke wucewa da safe ta wajen gadar ƙasa da littattafai a hammata. Shi ya sa ba zan iya barin maganar ta wuce ba.

A ba Malam haƙƙinsa tukuna. Zafin da ya sa shi rubutu gaskiya ne. Wanda ya ga matan Batsari da Safana da Jibiya sun cika unguwannin birnin nan da goyo a baya suna neman abin kai wa baki, alhali da rumbunansu cike suke. Wanda ya tuna daren 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Wanda ya san yau manomi sai ya biya ɓarawo haraji kafin ya kafa fartanya a gonar gadonsa, ba zai ga laifin mai cewa a tashi ba. Ba kuma Malam ne ya fara faɗa ba. Gwamna Aminu Bello Masari da bakinsa ya ce wa jama'a a 2021 su nemi makami su kare kansu, sannan a 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin riƙe bindiga. Ni ma ba na cikin masu cewa mutum ya naɗe hannu a yanka shi a gaban iyalinsa. Addini bai ce haka ba, doka ma ba ta ce ba. Inda muka raba hanya shi ne labarin Japan ɗin, domin Malam bai kawo shi yadda yake ba. In kuwa aka gina shawara a kan labarin da aka karkatar, da rayukan 'ya'yan mutane za a biya.

Ga yadda abin ya kasance. Zuwa farkon 1945 Japan ta riga ta sha kashi, kuma manyanta sun sani. Jiragen ruwanta na yaƙi akasari suna ƙarƙashin teku. Ƙwararrun sojojinta sun maƙale a Sin da Bama da Filifin da tsibiran tekun Fasifik, babu jirgin da zai dawo da su. A daren 9 zuwa 10 ga Maris jiragen Amurka suka zuba wa Tokyo wuta, mutum kusan 100,000 suka mutu kafin gari ya waye. A cikin wannan hali ne hafsoshi suka tsara shirin da suka kira Ketsu-Go, wato gwabzawa ta ƙarshe a cikin gida. Tsakanin Fabrairu da Mayu suka kafa sababbin manyan rundunoni 45, mafi yawansu na tsaron gaɓar teku, waɗanda aikinsu shi ne su haƙa ramuka su zauna ciki, su mutu a wurin don su jinkirta abokan gaba. An cika su da tsofaffin sojojin da aka sallama tuntuni da samarin da ba su taɓa jin ƙarar harsashi ba. Zuwa Agusta, a takarda akwai kwatankwacin rundunoni 65 a cikin ƙasar, amma kayan yaƙin da ke akwai na 40 ne, harsasai kuwa na 30. Wato ko sojan da aka sa wa kaki ba kowa ne ya samu bindiga ba. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma abin da ya fi burge Malam, gayyar farar hula. A watan Yuni aka yi doka cewa duk namiji daga shekara 15 zuwa 60, da duk mace daga 17 zuwa 40, za a iya kiran su fagen fama. Nan Malam ya samo shekarun da ya rubuta. An ƙiyasta mutum miliyan 28 ne dokar ta shafa, amma waɗanda aka kai ga shigarwa kafin yaƙin ya ƙare ba su wuce miliyan 2 ba. Makaminsu kuwa mashin gora da aka fiƙe, da tsofaffin takubba, da kayan noma. An koya wa 'yan makaranta mata yadda ake soka gora a cikin mutum-mutumin ciyawa. An koya wa yara maza yadda za su rungumi nakiya su faɗa ƙarƙashin tankar yaƙi. Taken da hukuma ke yaɗawa shi ne mutum miliyan ɗari su mutu tare cikin ɗaukaka, alhali mutanen Japan ɗin kanta ba su kai miliyan ɗari ba; sai da aka haɗa da mutanen Koriya da Taiwan da take mulka, waɗanda ba wanda ya nemi shawararsu. Wannan ba shirin cin nasara ba ne. Hafsoshin suna fatan a zubar da jini mai yawa har Amurka ta gaji ta sassauta sharuɗɗan miƙa wuya, su tsira da sarautar sarkinsu da kuma kawunansu. Talakawa su ne jarin da za a kashe a wannan ciniki.

To, shin tsoron gora ne ya hana Amurka shiga? Amurka ta riga ta sa rana: 1 ga Nuwamban 1945 za ta sauka a tsibirin Kyushu, sannan a Maris ɗin 1946 ta nufi Tokyo. Gaskiya ne taruwar sojoji a Kyushu da dubban jiragen ƙunar baƙin wake da aka ɓoye sun tayar wa hafsoshin Amurka hankali. Amma tashin hankalin bai sa sun koma gida ba. A ranar 6 ga Agusta aka jefa bam ɗin ƙare-dangi a Hiroshima, ranar 9 aka jefa a Nagasaki, a tsakanin kuma Tarayyar Sobiyet ta shiga yaƙin ta afka wa Manchuriya. Ranar 15 Sarki Hirohito ya yi jawabi a rediyo ya ce a ajiye makami. Masana tarihi har gobe suna jayayya a kan wanne ya fi nauyi, bam ɗin ko shigowar Sobiyet, amma gayyar da Malam ke yabo ba ta taɓa gwabzawa da Amurka a manyan tsibiran Japan ba ko sau ɗaya. Kuma bayan miƙa wuya sojan Amurka ya taka ƙasar ya mamaye ta har 1952.

Abin da gayyar ta jawo a zahiri shi ne wannan. A watan Yuli wani jami'in leƙen asiri na sojan saman Amurka ya rubuta a rahotonsa cewa tunda an mai da kowa mayaƙi, to babu sauran farar hula a Japan, kowa abin hari ne. Ba ina wanke Amurka ba ne, don tun kafin dokar Yuni take ƙona birane da mutanen ciki. Sai dai gwamnatin Japan da hannunta ta miƙa mata hujja. Safiyar da bam ya faɗa Hiroshima, dubban ɗaliban sakandare da 'yan sa-kan unguwanni suna waje a tsakiyar gari, an fito da su rushe gidaje don a yi wa gobara shinge. Dubbai daga cikinsu a nan suka ƙare.

Wurin da aka gwada dabarar Malam sosai shi ne Okinawa, kuma abin mamaki ko sunanta bai ambata ba. Tsibiri ne a kudu, an fara yaƙi a kansa ranar 1 ga Afrilun 1945, bai lafa ba sai ƙarshen Yuni. Rundunar Japan da ke can, ƙarƙashin Janar Ushijima, ta kwashi mazan tsibirin, manoma da masunta, ta sa su cikin dakarun kare gida. Ta kwashi yaran sakandare 'yan shekara 14 zuwa 17, su kusan 1,800, ta sa musu kaki. Kusan rabinsu ba su dawo ba. Ta kwashi 'yan mata ɗalibai ta mai da su masu jinya a kogunan duwatsu. A cikin ayarin Himeyuri, wanda ya fi shahara, ɗalibai da malamai 240 ne, fiye da rabi suka mutu. Hukumar Okinawa ta ƙiyasta farar hula kusan 94,000 suka halaka, in aka haɗa da 'yan tsibirin da aka sa wa kaki, kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu.

Ba duka ba ne wutar Amurka ta ci. Da zarar an ce kowa soja ne, sai kowa ya zama abin zargi. Rundunar ta ba da umarni cewa wanda aka ji yana magana da harshen Okinawa za a ɗauke shi ɗan leƙen asiri. An kashe tsofaffin da ba su iya Japananci ba saboda wannan. An kori mata da yara daga kogunan da suka fake don soja ya shiga. A tsibirin Kume sojojin Japan sun kashe mutanen gari kusan 20 bisa zargin suna kai wa abokan gaba rahoto. A Tokashiki da Zamami iyalai suka kashe junansu, wasu da gurnetin da soja ya raba musu, don an cusa musu cewa mutuwa ta fi faɗawa hannun abokin gaba. Har yau ranar 23 ga Yuni ranar makoki ce a Okinawa, kuma jikokin waɗanda suka tsira suna cikin mutanen Japan da suka fi kowa ƙin jin maganar soja. In Malam yana son ya san ra'ayin waɗanda aka yi wa gayya game da gayya, su ya kamata ya tambaya.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, ɗan Katsina zai yi maganar yaƙin Japan ya manta da kakanninmu da suka yaƙe ta ido da ido. Rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Arewa suka yi yawa a cikinsu, sun fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Wasu bataliyoyin Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, har Bama ya je ya duba su. Barikin Chindit a Zariya, da Kalapanzin da Dalet a Kaduna, duk daga can sunayensu suka samo asali. Ba na yabon yadda Turawa suka ɗebi mutanen nan, don da yawa ta hannun hakimai aka matsa musu, kuma albashinsu bai kai na farar fata ba. Amma a duba abin da ya sa manomin ƙasar Hausa ya iya tsayawa gaban sojan Japan a cikin kurmi: an yi masa horo na watanni, yana da lamba da albashi, yana da sajan da zai hukunta shi in ya yi ba daidai ba, akwai likita a bayansa, kuma ta jirgin sama ake jefo masa abinci da harsashi. Jarumtaka kam yana da ita tun daga gida. Sauran abubuwan su ne Malam ya tsallake a lissafinsa.

Tarihinmu na gida ma bai goyi bayansa ba. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi birnin nan wajen 1807, Katsina ta shafe kusan ƙarni guda tana fama da hare-haren Maraɗi. An sha kiran gayya, ba musu, amma a ƙarƙashin masu sarauta ake fita, Ƙaura na gaba, kuma duk wanda ya ja mutane ya san akwai sarkin da zai tuhume shi. Ganuwa da ƙofofinta, har da wannan Ƙofar Kwaya, an gina su ne don talaka ya shigo ciki da iyalinsa da dabbobinsa a rufe, masu yaƙi su fita. Ranar da talakawa suka fita da kayan noma suka tari bindiga mai jigida kuwa, mun san yadda ta ƙare. A Satiru, kusa da Sakkwato, a Fabrairun 1906 mutanen gari da gatura da fartanyu suka yi galaba a kan wata ƙaramar rundunar Turawa. A Maris aka dawo musu, aka kashe mutum kusan 2,000, aka shafe garin.

Ko da labarin Japan ya zo yadda Malam ya so, bai dace da mu ba. Abokin gabar Japan daga teku zai fito, da kakinsa da tutarsa da harshensa daban. Namu kuwa kasuwa ɗaya muke ci da shi. Mai kai masa fetur da burodi da ƙwaya da labarin wanda ya sayar da shanu, wanda muke kira infoma, sau da yawa ɗan gari ne, wani lokaci ma ɗan gida. Sannan in an ce kowane gida ya ba da mutum, har da rugage? Bafulatanin da ɓarayi suka kore wa garke, wanda shi ma kuɗin fansa ya biya ya karɓo 'yarsa, za a ba shi bindiga a sa shi a sahu? In an ce e, Malam ya san 'yan sahun ba za su yarda ba. In an ce a'a, to ba rundunar kare gida aka kafa ba, rundunar ƙabila aka kafa, kuma ranar farko da ta shiga daji ba ta ga ɓarawo ba, rugar da ta fi kusa za ta ƙona. Ba hasashe nake ba. Duk wanda ya bi yadda wutar Zamfara ta kama ya san rawar da kisan ramuwa ya taka: 'yan sa-kai su tare Bafulatani a kasuwa su kashe ba shari'a, danginsa su shiga daji su sayi bindiga, su dawo su ƙone ƙauye. A Afrilun 2014 a 'Yargaladima ta ƙaramar hukumar Maru, taron 'yan banga aka afka wa, rahotanni suka ce waɗanda aka kashe sun haura 100. Wannan bai rage wa ɓarayin daji laifi ko ƙwayar zarra ba, azzalumai ne. Amma wanda ke neman kashe wuta dole ya san abin da ke rura ta.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan a wani wuri. A Maris ɗin 2025 'yan banga a Uromi ta jihar Edo suka tare mafarauta 'yan Kano da ke hanyar komawa gida, suka ga bindigogin toka, suka yanke hukunci nan take cewa masu garkuwa ne, aka kashe mutum 16. Su ma waɗancan cewa suke garinsu suke karewa. Duk Arewa ta yi Allah wadai, kuma da gaskiyarta. To me zai hana namu yin irinsa in aka sake su dubu-dubu ba mai tsawatarwa?

Sai batun ƙarfi, wanda Malam ya wuce da sauri kamar ba shi ne tushen zancen ba. A farkon Fabrairun 2023 ɓarayi suka kore shanu a ƙaramar hukumar Bakori. 'Yan sa-kai daga ƙauyuka 11 suka haɗu suka bi sawu, daidai irin gayyar da ake kira a yi. A dajin 'Yargoje ta Ƙanƙara aka yi musu kwanton ɓauna. 'Yan sanda suka tabbatar da gawa 41. Magidanta ne, kowannensu da bakunan da yake ciyarwa. A Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau ta Malumfashi, gomman mutane suka rasu, kuma gwamnatin jiha da kanta ta ce ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa ɓarayin kwanaki kaɗan kafin nan. Mutanen Mantau ba su yi laifi ba da suka kare kansu. Laifin na wanda ya bar su ne su kaɗai bayan sun taɓo gidan rina. Maƙwabta ma haka: a Banibangu ta Jamhuriyar Nijar, a Nuwamban 2021, magajin gari ya ja 'yan sintiri suka fita, aka kashe 69. A Burkina Faso, wadda ta yi dokar 'yan sa-kai a 2020 da horon mako biyu, an fito da mutanen Barsalogho haƙa ramukan tsaro a Agustan 2024, 'yan ta'adda suka same su a fili suka kashe fiye da 100, wasu ƙiyasin ma sun kai ɗaruruwa. Bindigar toka sau ɗaya take tashi a sake ɗura ta. Wanda ke gabanta yana riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30, yana kan babur, kuma ya fi ka sanin dajin Rugu.

Za a ce, to Maiduguri fa? Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da Malam zai iya kawowa, duk da bai kawo ta ba. A 2013 matasan Maiduguri suka tashi da gora suka taimaka aka kori Boko Haram daga cikin gari. Amma a lura da abin da suka yi: sun san fuskokin 'yan unguwarsu, suna nunawa, soja na bayansu da bindiga. Ilimin gari suka kawo, wanda soja baƙo ba shi da shi. Daga baya gwamnatin Barno ta yi wa wasunsu rajista da alawus. Duk da haka, a 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙungiyar matasan a jerin masu amfani da yara a yaƙi, sai da aka sa hannu kan yarjejeniya a 2017 aka sallami yaran kafin a cire sunanta. Abin da Barno ta sha wahala ta fita daga ciki, shi Malam yake son mu shiga da ƙafarmu. Ɗan shekara 15 yaro ne. Ajinsa ɗaya da waɗanda aka kwashe a Ƙanƙara muka hana idonmu barci.

Akwai kuma tambayar da masu kiran a raba makami ba sa son a yi musu: ranar da aka gama, wa zai karɓe? Japan ta iya. Murya ɗaya ta yi magana a rediyo, miliyoyin sojoji suka ajiye bindiga, kafin ƙarshen 1945 an rushe ma'aikatar sojan ƙasa baki ɗaya, kuma yau tana cikin ƙasashen da suka fi kowa tsaurin dokar mallakar bindiga. Wace murya ce a Katsina za ta ce a ajiye a ajiye? Mu da muke cikin birni mun san ƙauraye, mun san masu ƙwacen waya da wuƙa kawai suke riƙe da ita amma sun hana mutane sakat. Mun kuma san yadda 'yan siyasa ke neman irin waɗannan samari duk lokacin zaɓe. A ɗauki matashin da ba shi da aiki, a koya masa harbi, a ba shi makami, a ƙi biyansa, sannan a ce ya koma gida ya zauna lafiya. Rikicin gona da na gado da na neman aure, waɗanda yau a gaban mai unguwa ko alƙali suke ƙarewa, gobe a maƙabarta za su ƙare.

Ba wai ina cewa a zauna ba ne. Jihar nan ta riga ta ɗauki hanyar da ta fi ta Malam hankali. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da mutane ke kira C-Watch, da matasa kusan 1,500 a zubin farko, an ɗebo su daga garuruwan da abin ya shafa, da doka a bayansu, da kaki da albashi. Zamfara da Sakkwato suka bi sahu a 2024. A nan ya kamata alƙalamin Malam ya tsaya ya matsa lamba. Ana biyansu a kan kari? Kowace bindiga da ke hannunsu tana da lamba a rajista, kuma ana ƙirga harsashi? In ɗayansu ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ina iyalan mamacin za su kai ƙara, kuma an taɓa hukunta wani a bainar jama'a? Akwai 'ya'yan Fulani a cikinsu? In ɗayansu ya faɗi a bakin aiki, wa ke riƙe marayunsa? In ƙauye ya buga waya tsakar dare, soja na isowa kafin a gama ɓarna ko sai da safe a zo jana'iza? Mutum dubu biyu da ke da amsar waɗannan tambayoyi sun fi dubu ɗari biyu da ba su da ita. Mutanen ƙauye kuwa, abin da suka fi kowa iyawa shi ne sanin baƙuwar fuska, da sawun babur, da wanda ya yi kuɗi dare ɗaya ba sana'a. A ba su hanyar kai wannan labari ba tare da sunansu ya koma kunnen ɓarawo ba, a kuma tsaya musu in sun tsare bakin garinsu, kada a tura su daji.

Abin da ya fi damuna da kiran gayya shi ne sauƙin da yake kawo wa masu mulki. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora tsaron jama'a da walwalarsu a wuyan gwamnati a matsayin aikinta na farko. Ita ke karɓar haraji, ita ke da kasafin tsaro, ita ce kuma dokar makamai ta 1959 ta ba ikon cewa wa zai riƙe bindiga. Ranar da muka yarda cewa kowane gida ne zai kare kansa, mun sauke mata wannan kaya da hannunmu. In aka ƙone gari, sai a ce mazan garin ne ragwaye. Haka hafsoshin Tokyo suka yi: su suka jawo yaƙin, su suka kasa cin sa, sannan suka miƙa wa 'yan mata gora. Kuma kada mu yaudari kanmu game da gidajen da za su ba da mutum. Mai hali zai tura ɗansa karatu Kaduna ko Abuja kafin a zo ƙofarsa. Ɗan mai faci da ɗan mai itace su za a jera.

Don haka ina roƙon Malam, da girman da nake ba shi, ya janye wannan kira, musamman maganar 'yan shekara 15, domin rubutunsa na da masu karatu kuma akwai matasan da zuciyarsu ta riga ta cika, kalma ɗaya suke jira. Ina kuma kira ga 'yan Majalisar Dokokin Jihar Katsina su gayyaci masu kula da C-Watch su yi wa jama'a bayani a fili kan albashi, da rajistar makamai, da ƙorafe-ƙorafen da aka kai musu, da haƙƙin iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Iyaye kuma, duk wanda ya zo ya ce ku ba da ɗa a kai daji, ku tambaye shi wa zai jagorance su, wa zai biya su, kuma ina nasa ɗan.